YADDA A KE RENON ƘWAYAR GISHIRI DA ALIF DA SUKARI
Darasi ga malamai da 'yan makarantar Birnin Kudu da Gwaram

GABATARWA

Sau da yawa malamin makaranta ya kan ce ba shi da halin koyar da kimiyya, domin makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Lalle rashin kayan aiki cikas ne. Amma akwai wani babban babi na ilmin kimiyya wanda kayan aikinsa duka suna cikin madafar kowane gida, watau gishiri da sukari da alif da ruwa da kwalba. Ba ya bukatar lantarki, ba ya cin kuɗi sai kaɗan. Abin da ya ke bukata shi ne tsabta da lura da haƙuri.

Abin da mu ke so mai karatu ya gane a wannan ɗan littafi abu biyu ne. Na farko, kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da siffa tasa ta kansa wadda ba ya saɓa mata. Na biyu, girman ƙwayarsa ya dogara ga jinkirin da aka yi mata. Wanda ya riƙe waɗannan biyu zai iya karanta labarin duwatsun da su ka kewaye garinsa, zai kuma gane dalilin waɗansu abubuwa da ke faruwa a gonarsa da jikinsa.

1. MENE NE KIRISTAL?

Ka zuba gishiri kaɗan a kan baƙin ƙyalle, ka fita da shi cikin hasken rana, ka dube shi da madubin ƙara girman abu. In babu madubin, kyamarar wayar hannu ta wadatar. Za ka ga ƙwayoyin ba dunƙule-dunƙule ba ne kamar gero. Da yawansu suna da fuskoki shimfiɗaɗɗu da gefuna miƙaƙƙu, sai ka ce ƙananan akwatuna ne wani gwanin kafinta ya yi. Sa'an nan ka duba sukari haka nan. Shi ma yana da fuskoki, amma akwatinsa dogo ne, ya kuma ɗan karkace.

Duk wani daskararren abu wanda ƙananan sassansa su ka jeru sahu-sahu bisa tsari ɗaya mai maimaita kansa, masana suna kiransa kiristal. Asalin kalmar daga harshen Girkawa ne, ma'anarta kuwa ƙanƙara. Mutanen dā na can sun ga wani farin dutse mai sheƙi a tsaunukansu, su ka zaci ruwa ne ya daskare har ya ƙi narkewa. Abin sha'awa, Hausawa ma kalma ɗaya su ke amfani da ita ga ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama da kuma dutsen ƙanƙara wanda a ke ƙyasta wuta da shi.

Ba kowane abu mai walƙiya ne kiristal ba. Gilashin kwalba yana sheƙi, amma sassansa a hargitse su ke, shi ya sa in ya fashe ya kan yi tsinke-tsinke marasa tsari. Haka kuma sukarin kwali, ko da ya ke yana da siffar akwati, ba ƙwaya ɗaya ba ne: dubban ƙananan ƙwayoyi ne aka matse cikin inji.

2. YADDA RUWA YA KE ƘOSHI

Kafin a fara aiki, wajibi ne a fahimci halin ruwa. In ka zuba gishiri cikin kofin ruwa ka motsa, sai ya ɓace. Bai tafi ko'ina ba, ya rarrabu ne zuwa sassa ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, su ka bazu cikin ruwan. Ka ƙara, ya ɓace. Ka yi ta ƙarawa, daga bisani za ka ga ya fara kwanciya a gindin kofi, kome motsawarka. A nan sai mu ce ruwan ya ƙoshi.

Kowane abu da gwargwadon da ruwa ya ke iya ci daga gare shi. A ruwan da bai yi zafi ba bai yi sanyi ba, watau mai digiri 20 a ma'aunin zafi, giram 100 na ruwa ya kan narkar da kimanin giram 36 na gishiri, ko giram 200 na sukari. Alif kuwa bai kai giram 15 ba. To, in an tafasa ruwan fa? Gishiri ba ya ƙaruwa sai kaɗan, daga 36 zuwa wajen 39. Sukari ya kan wuce giram 450. Alif shi ma ya kan ninka sau da yawa.

Daga wannan lissafi mu ke samun hanyoyi biyu na fitar da ƙwaya daga ruwa. Hanya ta ɗaya ita ce a bar ruwan ya riƙa tsotsewa cikin iska. Ruwa yana raguwa, abin da ke cikinsa yana rasa wurin zama, sai ya fito. Wannan ita ce hanyar gishiri. Hanya ta biyu ita ce a ƙosar da ruwa yana da zafi, sa'an nan a bar shi ya huce. Ruwa mai sanyi ba ya iya riƙe abin da mai zafi ya riƙe, sai ya saki rarar. Wannan ita ce ta dace da alif da sukari.

3. KAYAN AIKI

A tanadi kwalabe masu faɗin baki guda uku ko huɗu, a wanke su sarai. A sami faranti mai duhun launi, da cokali, da farin ƙyalle mai tsabta na tacewa, da zare, da tsinke ko fensir, da takarda ta rufe baki. Kofin da mu ke nufi a nan shi ne mai ɗaukar rubu'in lita. Ruwan sama da aka tara cikin tsabtataccen mazubi ya fi na rijiya, domin ruwan rijiya ya riga ya ɗauko waɗansu gishirai daga cikin ƙasa.

Lokacin da ya fi kyau ga wannan aiki shi ne na hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ta bushe, dare kuma ya ke da sanyi. Sai dai a yi hattara da ƙura, gama kowace ƙwayar ƙura da ta faɗa cikin kwalba ta kan zama wurin da wata ƙwaya za ta kafu. Da damina kuwa aikin gishiri ya kan yi nawa. In laimar iska ta wuce kashi 75 cikin 100, gishiri jan ruwa ya ke yi daga iska, kamar yadda kowace uwargida ta sani cikin watan Agusta.

4. GWAJI NA FARKO: GISHIRI

A ɗumama ruwa kofi ɗaya, a zuba gishiri cokalin cin abinci biyar, a motsa sosai. A ƙara kaɗan-kaɗan har ya ƙi narkewa. A bar shi ya kwanta, sa'an nan a tace ta cikin ƙyalle. In ruwan ya yi fari-fari kada a damu. Gishirin leda yana ɗauke da wani sinadari da ke hana shi dunƙulewa, tacewa da kwantawa za su rage shi.

A raba ruwan kashi biyu. Kashi na farko a zuba a faranti a ajiye cikin rana tsaka. Kashi na biyu a zuba a wani faranti, a rufe da takarda sama-sama, a ajiye cikin inuwa inda ba mai taɓawa.

Na rana zai bushe cikin yini ɗaya ko biyu, ya bar farin ɓawo mai ƙananan ƙwayoyi kamar gari. Na inuwa zai ɗauki mako ɗaya ko biyu, amma a gindinsa za a tarar da ƙwayoyi masu girman dawa, waɗansu ma sun fi, kowace da siffar ɗan ludo. Gishiri ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, bambancin kawai lokaci ne. A sa kowane yaro ya zana abin da ya gani a littafinsa, ya rubuta ranar da aka fara da ranar da aka gama.

Abin da yara su ka yi a faranti shi ne mutanen Bilma, a ƙasar Nijar, su ke yi tun ɗaruruwan shekaru. Suna haƙa ramuka inda ruwan gishiri ya ke tsattsafowa, zafin Sahara ya tsotse ruwan, gishiri ya fito. Tsabtataccen shi ne beza na miya, gaurayayyen kuma a ke cura shi a yi kantu, ayarin raƙuman Buzaye su kawo shi kasuwannin ƙasar Hausa. Haka matan Keana da Awe, a Jihar Nasarawa, su ke tace ruwan gishiri, sai dai su da wuta su ke ƙafar da shi.

5. GWAJI NA BIYU: ALIF

Wannan shi ne gwajin da ya fi ba da ƙwaya mai kyau, kuma shi ne ya fi bukatar natsuwa. Alif, wanda waɗansu ke kira alam, iri biyu ne a kasuwa. A nemi mai garau kamar ƙanƙara, irin wanda a ke shafawa bayan aski. Akwai wani mai kama da farin dutse ko gari, wanda ma'aikatun ruwa ke saye buhu-buhu. Shi ma yana kwantar da laka, amma ba ya ba da siffar da mu ke nema.

A daka alif ya yi laushi. A narkar da giram 60, watau kimanin cokali huɗu ko biyar, cikin kofi ɗaya na ruwan zafi. A tace cikin kwalba, a rufe da takarda, a bar shi ya kwana. Da safe za a ga ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi a gindin kwalbar. A tsiyaye ruwan a hankali cikin wata kwalba mai tsabta, a juye ƙwayoyin a kan takarda, a zaɓi ɗaya wadda ta fi garau, ta fi cikar fuskoki. Wannan ita ce iri. Kamar yadda manomi ba ya shuka zangarniyar da ta lalace, haka nan ba a renon iri mai tsaga ko wanda ya manne da ɗan'uwansa.

A ɗaure irin da siririn zare. Zaren roba irin na masunta ya fi na auduga, domin na auduga yana da gashi-gashi, kowane gashi kuwa ya kan tara ƙwayoyi. A ɗaure ɗaya bakin zaren a jikin fensir, a gicciya fensirin a bakin kwalba, irin ya rataya a tsakiyar ruwa, kada ya taɓa gindi ko gefe. Lalle ne ruwan ya riga ya huce sarai, in ba haka ba irin narkewa zai yi.

Ga babbar matsala a ƙasarmu: rana zafi, dare sanyi. Abin da ƙwaya ta tara da dare, zafin rana ya kan narkar da shi. Saboda haka kada a ajiye kwalbar a taga, ko a ƙarƙashin rufin kwano. A nemi wurin da zafinsa ba ya hawa da sauka ƙwarai, kamar lungun ɗakin soro, ko gindin randa, ko cikin tsohuwar tukunyar ƙasa. Bayan kowane kwana biyu ko uku a duba. In waɗansu ƙwayoyi sun fito a gindi, a ɗaga irin, a tsiyaye ruwan cikin sabuwar kwalba, a mai da shi, domin waɗannan ƙananan suna cinye abincin babbar. In ruwa ya ragu, a haɗa wani ƙosasshe, a bar shi ya huce ya kwana, kāna a ƙara.

Cikin mako biyu ko uku ƙwayar ta kan kai girman gyaɗa, mai ƙarin haƙuri kuma ya sami wadda ta kai goro. In an gama a tsane ta da takarda, a adana cikin kwalba mai murfi, domin busasshiyar iska ta kan dusashe fuskarta.

6. GWAJI NA UKU: SUKARI

Wannan babba ne zai yi shi, yara su tsaya nesa kaɗan, gama ruwan sukari mai zafi yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa muni. A tafasa ruwa kofi ɗaya, a riƙa zuba sukari ana motsawa har kofi biyu da rabi ko uku su narke, ruwan ya yi garau. Kada a bari ya fara ja. A sauke, a bar shi ya huce, a zuba cikin kwalba.

A jiƙa tsinke mai tsabta, a mirgina shi cikin busasshen sukari, a bar shi ya bushe sarai. Ƙwayoyin da su ka manne su ne iri. A rataya tsinken cikin kwalbar, a rufe da takarda, a ɗora kwalbar cikin faranti mai ruwa saboda tururuwa da kiyashi. Bayan mako guda za a ga tsinken ya yi riga ta manyan ƙwayoyi. A ɓalle ɗaya a gwada ta da ta gishiri. Ta gishiri duk kusurwoyinta a miƙe su ke, ta sukari kuwa kamar akwatin da aka tura daga gefe ya jirkice.

7. ƘIRGA FUSKOKI

Yanzu a jera abin da aka samu a kan baƙin ƙyalle a yi ƙidaya. Ƙwayar gishiri tana da fuska 6, kowace murabba'i, da tsini 8, da gefe 12. Ƙwayar alif tana da fuska 8, kowace mai kusurwa uku, da tsini 6, da gefe 12. Siffarta kamar an ɗauki dala biyu an haɗa gindinsu. Wani lokaci za a ga tsininta ya yi kamar an datse shi, wannan ba aibi ba ne. A sa yara su haɗa yawan fuskoki da yawan tsini, su ɗebe yawan gefuna. Ga gishiri amsa 2 ce, ga alif ma 2 ce. Wannan ƙa'ida ce ta lissafi wadda ta game dukan siffofi irin waɗannan.

Me ya sa gishiri ba ya taɓa yin siffar sukari? Dattawan da su ka ga dalar gyaɗa a Kano, kafin ta shuɗe, sun san amsar. Dalar ba sassaƙa ta aka yi ba. Leburori ne su ka riƙa ɗora buhu a kan buhu, sahu bayan sahu, siffar dala ta fito daga yadda aka jera buhunan. Haka gishiri ya ke. An gina shi da ƙwayoyin zarra iri biyu, sodiyam da kulorin, suna jere ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, tazararsu daidai. Ƙanƙantarsu ta kai a ce a tsawon milimita ɗaya tak akwai wajen miliyan uku da rabi a sahu guda. Kowace sabuwa da ta fito daga ruwa ba ta da wurin zama sai inda tsarin ya bar mata. In an yi jinkiri, kowace ta kan sami gurbinta a jikin ƙwaya ɗaya, ƙwayar ta girma. In an yi gaggawa, sai dubban gine-gine su tashi lokaci guda, ba wanda ya yi nisa.

Masana sun kasa dukan siffofin kiristal gida bakwai, bisa ga tsayin ɓangarori da karkatar kusurwoyi. Gishiri da alif gidansu ɗaya, ko da ya ke fuskokinsu sun bambanta. Sukari yana wani gida dabam. Tsari kuwa ba siffa kaɗai ya ke bayarwa ba, har da ƙarfi. Lu'ulu'un daimon da baƙin da ke cikin fensir duk daga sinadari ɗaya su ke, watau kabon, irin na gawayi. Jeri ne kawai ya bambanta su, ɗaya ya zama ya fi kowane dutse tauri, ɗaya kuwa yana gogewa a kan takarda.

8. WAƊANDA SU KA BUƊE WANNAN ƘOFA

A shekarar 1669 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Nicolas Steno, ya lura cewa ƙwayoyin farin dutsen nan mai sheƙi, manya da ƙanana, dogaye da gajeru, kusurwar da ke tsakanin fuskokinsu ba ta sakewa. A 1912 Max von Laue na Jamus da abokan aikinsa su ka haska kiristal da irin hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, hasken ya fito da ɗige-ɗige masu tsari. A 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence, a Ingila, su ka yi amfani da wannan hanya su ka gano jerin ƙwayoyin zarra cikin gishiri. An ba su lambar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25.

'Yan mata su lura da wannan. Dorothy Hodgkin, wadda aka haifa a Alƙahira a 1910, ta fara sha'awar kimiyya ne tana yarinya, sa'ad da aka koya musu renon ƙwayoyi cikin kwalba irin wanda mu ka bayyana. Ita ce ta gano ginin maganin fenisilin a 1945, da na insulin na masu ciwon sukari a 1969. Labarin lambar Nobel da aka ba ta a 1964 ya same ta ne tana ƙasar Gana.

9. KARATUN DUWATSUNMU

To, yanzu a fita daga aji. Mutumin Birnin Kudu ko Gwaram ba ya bukatar tafiya mai nisa kafin ya taka dutse. A sami ɓallin dutse sabon fashi, irin wanda masu fasa dutse ke tarawa domin gini, a jiƙa shi da ruwa a duba. Za a ga ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyi masu ruwan toka, masu sheƙin gilashi: su ne kwaz, dutsen da Steno ya auna. Akwai farare ko masu jaja-jaja, waɗanda fuskarsu ke walƙiya in an juya su a rana: sunansu feldisfa. Akwai kuma baƙaƙen ɗigo-ɗigo, waɗansunsu suna ɓarewa falle-falle in an sa tsinin allura: waɗannan su ne maika. Dutsen da ya haɗa waɗannan shi a ke kira giranit.

Wanda ya yi gwajin faranti biyu zai iya faɗin tarihin wannan dutse da kansa. Tun da ƙwayoyinsa manya ne har ido yana ganinsu, lalle a hankali su ka girma. Haka kuwa abin ya ke. Giranit narkakken dutse ne wanda ya huce a ƙarƙashin ƙasa cikin dubban shekaru, daga baya ruwa da iska su ka kwashe abin da ya rufe shi, ya bayyana. Baƙin dutsen da ke tudun Biu kuwa, wanda ya malalo a sarari daga duwatsu masu aman wuta, ya huce da sauri, shi ya sa ƙwayoyinsa ba su ganuwa sai da madubi. Dalilin da ya sa ƙwayoyin giranit ba su da cikakkun fuskoki irin na alif ɗinmu shi ne sun girma cikin cunkoso, kowace ta tokare 'yar'uwarta. Inda kwaz ya sami kogo ya sake, ya kan fito da gefe shida da tsini a kai.

Masana ilmin ƙasa sun auna cewa tsofaffin duwatsun da ke shimfiɗe ƙarƙashin wannan yanki sun haura shekara miliyan 500. Tsaunukan Fagam da Kila, a ƙasar Gwaram, suna cikin wani jeri na baya, mai kusan shekara miliyan 200, dangin duwatsun Jos da na Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Rairayin da ke cikin kogunanmu yawancinsa kwaz ne da ya rage bayan dutse ya ruɓe, feldisfa kuwa shi ne ya ke komawa yumɓun da a ke gina tukwane.

A kan irin waɗannan duwatsu ne mutanen dā su ka zana hotunan shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, a Birnin Kudu. A nan ne kuma Bernard Fagg, ma'aikacin adana kayan tarihi, ya rubuta labarin duwatsun kiɗi, waɗanda ke amo kamar ƙararrawa in an buga su. Waɗannan wurare kayan tarihin ƙasa ne, doka tana kare su. Malami ya kai yara su gani, amma kada kowa ya ɓalli ko tsakuwa ɗaya, kada kuma a yi rubutu a jikinsu.

10. AMFANIN WANNAN ILMI

Ga manomin rani. Kowane ruwan ban-ruwa yana ɗauke da gishiri kaɗan. In ana yi wa fili ruwa, rana tana tsotsewa, ba magudanar da za ta fitar da rarar, to filin ya zama farantinmu na rana. Farin ɓawo a bakin kwami gargaɗi ne. A gyara magudana, a nemi shawarar malamin gona tun kafin shuka ta fara ƙonewa.

Ga lafiyar jiki. Fitsari ma ruwa ne mai ɗauke da gishirai. Wanda ya ke aiki cikin zafin bazara yana zufa, ba ya shan isasshen ruwa, fitsarinsa ya kan yi kauri, ƙwayoyi su fara kafuwa. Wannan yana daga cikin manyan dalilan tsakuwar ƙoda.

Ga mai sayen zuma. Zuma ta kan yi tsaki-tsaki ta daskare, musamman da sanyi, mutane su ce an zuba mata sukari. Daskarewa kaɗai ba shaidar algus ba ce, gama tsantsar zuma ma tana yin haka. In an sa kwalbar cikin ruwan ɗumi za ta koma yadda ta ke.

Ga uwargida. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kawar da dukan ƙwayoyin cuta. Ruwan da aka sa wa alif a tafasa shi tukuna kafin a sha.

11. GARGAƊI

Kada a ɗanɗana kome cikin wannan aiki sai sukari, shi ma in kwalbarsa ba ta taɓa alif ba. A wanke hannu bayan an gama. Kada a zuba tafasasshen ruwa cikin kwalba mai sanyi, fashewa ta ke yi.

Akwai wani dutse mai nauyi, mai sheƙin azurfa, wanda in an fasa shi ya kan rabu zuwa ƙananan akwatuna kamar gishiri. Shi ne a ke niƙawa a yi kwalli na gargajiya. Kyawunsa kada ya ruɗi kowa: dalma ce a cikinsa, dalma kuwa guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. A 2010 yara fiye da 400 su ka rasu a ƙauyukan Jihar Zamfara saboda ƙurar duwatsu masu dalma da aka riƙa niƙawa cikin gidaje wajen neman zinariya. Kada a daka ko a niƙa wani dutsen da ba a sani ba a cikin gida, kada kuma a sa wa jariri kwallin dutse.

12. TAMBAYOYI

1. Me a ke nufi in an ce ruwa ya ƙoshi?
2. Don me a ke renon gishiri ta hanyar bushewa, alif kuwa ta hanyar hucewa?
3. Fuska nawa, tsini nawa, gefe nawa ke ga ƙwayar alif?
4. An ba ka duwatsu biyu, ɗaya mai manyan ƙwayoyi, ɗaya mai ƙanana. Wanne ne ya huce da sauri? Kawo hujja daga gwajin da ka yi.
5. Narkar da kanwa, ka tace, ka shanya a inuwa. Zana abin da ka gani. Kanwa gauraye ce ta gishirai dabam-dabam; ta yaya wannan ya bayyana a farantinka?

Muna roƙon shugabannin makarantu su ware lungu ɗaya a ofis ko a aji domin waɗannan kwalabe, kowane aji da tasa, a rubuta suna da kwanan wata a jiki. A ƙarshen zango a jera ƙwayoyin a gaban iyaye, a auna wadda ta fi girma da wadda ta fi garau. In ta farko ta lalace, a narkar da ita a sake, gama alif ba ya ƙarewa don an narkar da shi. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse. A wannan aiki kuwa, mako uku sun isa yaro ya ga gaskiyar maganar da idonsa.